Sarrafa waya daga nesa: yadda manhajojin ke aiki, amfaninsu da haɗarin da ke tattare da su

Garin Yashe, da ke Ƙaramar Hukumar Kusada a Jihar Katsina, yana kan babbar hanyar Kano zuwa Katsina, ba nisa da Kankiya, kuma a yankinsa ne hanyar da ta taso daga Funtuwa ta ratsa Malumfashi take haɗewa da ita. Kamar sauran garuruwan yankin, akwai 'ya'yansa da ke kasuwanci ko aikin gwamnati a Kano da Katsina da Kaduna da Abuja, iyaye kuwa suna gida. Waya ce ke haɗa su: ta nan ake gaisawa, ta nan ake tura kuɗin cefane da na taki.

Ranar da manhajar banki ta ƙi buɗewa a wayar dattijo, ko WhatsApp ya nemi a sabunta shi, ko hotuna suka cika waya har ta daina karɓar saƙo, ɗansa da ke Kantin Kwari yakan tsinci kansa da zaɓi uku. Ko ya rufe shago ya hau mota, ko ya sa a kai wayar wurin mai gyara tare da lambobin sirrinta, ko kuma ya yi ta kwatance da baki, "Baba, danna na sama, a'a, ba wannan ba," har kati ya ƙare ba a gyara komai ba.

Akwai hanya ta huɗu: manhajojin da ke ba mutum damar ganin fuskar wayar wani daga wani gari, har ma ya danna ta kamar tana hannunsa. Hanyar na da amfani ƙwarai, sai dai ita ce kuma 'yan damfara ke bi su yashe asusun banki cikin mintuna. Bambancin taimako da sata a nan yana rataye ne a kan tambayoyi biyu: wa ya nemi a haɗa wayoyin, kuma wa aka ba izini.

Mene ne sarrafa waya daga nesa

Sarrafa waya daga nesa na nufin haɗa na'urori biyu ta intanet, ta yadda abin da ke bayyana a fuskar ɗaya zai riƙa bayyana a fuskar ɗayar nan take. Wadda ake taimaka wa na iya zama wayar hannu ko na'urar allo da ake kira tabulet. Ta mai taimako kuma na iya zama waya ko kwamfuta.

Matakin haɗin iri biyu ne. Na farko shi ne gani kawai: mai taimako yana kallon fuskar wayar, yana faɗa wa mai ita inda zai danna. Na biyu shi ne cikakken iko: duk inda mai taimako ya taɓa a tasa na'urar, sai wayar da ke nesa ta amsa kamar mai ita ne ya taɓa. A wannan mataki yana iya buɗe manhaja, ya canza saiti, ya yi rubutu, ya goge ko ya kwafi fayil.

Asalin fasahar

Fasahar ta girmi wayoyin zamani. A ƙarshen shekarun 1990, masu bincike a wani ɗakin gwaje-gwaje na kamfanonin Olivetti da Oracle da ke Kambirij a Ingila suka ƙirƙiro tsarin VNC, wanda ke aika hoton fuskar kwamfuta zuwa wata, ya kuma dawo da abin da aka danna. A 2005 aka fito da TeamViewer a Jamus, a 2014 kuma aka kafa AnyDesk a Stuttgart, ita ma a Jamus. Dukansu da kwamfuta suka fara, daga baya suka shigo waya. Akwai kuma AirDroid, da RustDesk wadda tsarin gininta a buɗe yake ga duk mai son dubawa. Ita kuwa Chrome Remote Desktop ta Google, aikinta shi ne sarrafa kwamfuta daga waya ko daga wata kwamfutar. Ba a sarrafa waya da ita.

A Najeriya, layukan GSM sun fara aiki a watan Agustan 2001, amma buƙatar irin wannan taimako ta ƙaru ne bayan da waya ta zama jakar kuɗi. Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da lambar BVN a watan Fabrairun 2014, gwamnati ta ba da umarnin haɗa layukan waya da lambar NIN a Disamban 2020, sannan ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira a farkon 2023 ya tura mutane da yawa, har da waɗanda ba su saba ba, zuwa manhajojin bankuna da irin su OPay da PalmPay da Moniepoint. Tun daga nan, matsalar waya ta koma matsalar aljihu.

Yadda haɗin ke gudana

A ɗauki misalin ɗan kasuwar Kano da mahaifinsa a Yashe. Da farko kowannensu zai sauke manhajar daga shagon Play Store ko App Store. A tsarin TeamViewer, wanda za a taimaka wa shi ne ke sauke wadda ake kira QuickSupport. Da ya buɗe ta, za ta nuna masa wata doguwar lamba, wadda ita ce adireshin wayarsa a wannan tsari. Sai ya karanta wa ɗansa lambar, shi kuma ya shigar da ita a tasa na'urar.

Daga nan buƙata za ta bayyana a wayar dattijon, tana tambaya ko ya amince. Idan bai danna amincewa ba, babu abin da zai faru. Idan ya amince, wayar da kanta za ta sake yi masa gargaɗi cewa manhajar za ta ga duk abin da ke bayyana a fuskarta. Bayan haka ne hoto zai fara tafiya. Manyan kwamfutocin kamfanin su ne ke sada na'urorin biyu, kuma bayanan na tafiya ne a rufe, ta yadda wanda ya tare su a hanya ba zai iya karantawa ba. Wannan rufi yana kare mutum daga mai saurare a tsakani, amma ba ya kare shi daga wanda ya ba lambar da bakinsa.

Yawancin waɗannan manhajoji kyauta ne ga mai taimakon iyali ko aboki. Mai amfani da su don sana'a, kamar mai gyaran waya da ke karɓar kuɗi, ana buƙatar ya sayi lasisi.

Bambancin Android da iPhone

Mafi yawan wayoyin da ke hannun jama'a a Arewa, irin su Tecno da Infinix da itel da Samsung da Redmi, suna aiki ne da tsarin Android. Tun daga Android 5 na 2014 aka ba manhajoji damar ɗaukar hoton fuskar waya da izinin mai ita. Cikakken iko kuma yakan buƙaci ƙarin wata ƙaramar manhaja, ko kuma a buɗe wani izini a sashen saiti mai suna Accessibility. An yi wannan sashe ne domin makafi da masu lalurar hannu, shi ya sa manhajar da ta samu izininsa ke iya karanta rubutun da ke fuskar waya, ta kuma danna a madadin mutum. Izini ne mafi nauyi da mai waya zai iya bayarwa. Ganin yadda ake cin zarafinsa, daga Android 13 na 2022 Google ya tsaurara samunsa ga manhajojin da aka ɗora ba ta shagon manhajoji ba.

Kamfanin Apple ya fi takurawa. Daga iOS 11 na 2017 ana iya nuna fuskar iPhone ko iPad ga wani ta irin su TeamViewer, amma kallo kawai zai yi. Sai a iOS 18 na 2024 aka ƙara damar cewa, a cikin kiran FaceTime, mutum ya ba wanda ke cikin jerin lambobinsa iko ya danna masa waya, kuma ko a nan akwai abubuwan da aka toshe, kamar biyan kuɗi da goge waya gaba ɗaya.

Ga wanda ba ya son sauke wata manhaja, WhatsApp ya ƙara damar nuna fuskar waya a cikin kiran bidiyo tun watan Agustan 2023. Wannan gani ne kawai, babu iko, kuma ya wadatar ga yawancin matsalolin gida: ɗan yana gani, mahaifin yana dannawa, har ma ya koyi yadda zai yi da kansa gobe.

Sauran nau'o'in iko daga nesa

Ba taimakon gaggawa kaɗai ake yi da wannan fasaha ba. Akwai nau'o'i huɗu da mai karatu zai iya cin karo da su.

Na farko shi ne kula da na'urorin ma'aikata. Bankuna da ƙungiyoyin agaji da ma'aikatu da ke raba wa jami'ansu waya ko tabulet kan sa su ƙarƙashin tsarin gudanarwa, irin su Microsoft Intune ko Samsung Knox. Da shi sashen kwamfuta ke ɗora manhaja a kan ɗaruruwan na'urori lokaci guda, ya hana sauke abin da bai shafi aiki ba, ya kulle ko ya goge na'urar da ta ɓata. Ma'aikacin da aka ba irin wannan na'ura ya sani cewa ta ofis ce, kada ya ajiye hotunan iyali ko manhajar bankinsa a ciki. Idan kuma wayarsa ce ta kansa aka sa wa sashen aiki na daban, ikon ofis yakan tsaya a wannan sashen. Na'urorin POS na zamani ma, waɗanda da yawansu Android ne a ciki, daga nesa kamfanoninsu ke sabunta su.

Na biyu shi ne kulle wayar bashi. Kamfanonin da ke sayar da waya a biya kaɗan-kaɗan, kamar M-KOPA da Easybuy, suna dogara ne da makullin da ke cikin wayar. Idan lokacin biya ya wuce, wayar kan kulle daga nesa har sai an biya. Wannan ya shafi masu sayen wayar hannu a kasuwanni irin su Farm Centre ta Kano: wayar da ba a gama biyan kuɗinta ba tana iya kullewa a hannun wanda ya saye ta bayan kwanaki. Kafin a biya kuɗi, a nemi rasit, a duba saiti ko akwai rubutun da ke cewa wata ƙungiya ce ke kula da na'urar, a kuma tabbatar mai sayarwa ya cire asusunsa na Google ko na Apple a gaban mai saye.

Na uku shi ne neman wayar da ta ɓata. Apple na da Find My, Google kuma na da Find My Device, wanda a 2025 aka sauya wa suna zuwa Find Hub. Da su mutum ke iya ganin inda wayarsa take a taswira, ya sa ta yi ƙara, ya kulle ta, ko ya goge abin da ke ciki. Sharaɗin shi ne a kunna tsarin tun kafin wayar ta ɓata, kuma mai ita ya riƙe adireshin imel da kalmar sirrinsa. Da yawa a shago aka buɗe musu asusun ranar sayen waya, ba su san ko ɗaya ba. Yana da kyau kuma a danna *#06# a rubuta lambar IMEI a takarda, domin ana neman ta wajen kai ƙara.

Na huɗu shi ne kulawar iyaye. Family Link na Google, da aka fito da shi a 2017, yana ba uba ko uwa damar ƙayyade lokacin da yaro zai yi da waya da irin manhajojin da zai sauke. Tsari ne a bayyane, yaron ya san da shi.

Abin da fasahar ba ta iyawa

Gyaran nesa na manhaja ne da saiti. Ba ya gyara fasasshen gilashi, ko batirin da ya kumbura, ko wurin caji da ya lalace. Wayar da ta ƙi kunnuwa sai an kai ta wurin mai gyara. Ƙananan wayoyi masu maɓalli, waɗanda da su mutanen karkara da yawa ke tura kuɗi ta lambobin USSD, ba sa ɗaukar waɗannan manhajoji.

Haɗin yana kuma buƙatar intanet mai ƙarfi a ɓangarorin biyu, yana cin data kusan kamar kiran bidiyo, abin da ya ƙara nauyi tun bayan da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a farashin kira da data a watan Janairun 2025. Inda sabis ya yi rauni, hoton kan tsaya ko ya katse. Mutanen Katsina sun san yadda rashin sabis yake: a watan Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda matsalar tsaro, aka shafe watanni kafin a buɗe. A irin wannan hali babu taimakon nesa da zai yiwu, don haka ya kamata kowane dattijo ya kasance da amintaccen mutum guda a kusa da shi.

Yadda 'yan damfara ke amfani da ita

Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Ɗan damfara ba ya buƙatar fasa tsaron banki idan mai asusu da kansa zai buɗe masa ƙofa. Salon nasu kusan ɗaya ne a ko'ina. Sai a kira mutum cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, daga banki ne," a faɗi cikakken sunansa, a ce za a rufe asusunsa yau idan ba a sabunta BVN ko NIN ba. Wani lokaci kuma a ce an zaɓe shi a wani tallafi ko rance, ko za a dawo masa da kuɗin da suka maƙale. Akwai kuma shafukan bogi a Facebook da X masu ɗauke da tambarin banki, waɗanda ke farautar duk wanda ya rubuta koke a bainar jama'a.

Daga nan sai a ce ya sauke wata manhaja "domin a taimaka masa", ya karanto lambar da ta nuna, ya danna amincewa. Sai a umarce shi ya buɗe manhajar bankinsa, ko ya tura naira ɗari don gwaji. Yana shigar da lambar sirri, ana kallo. Lambar tabbatarwa ta OTP tana shigowa ta saƙo, ana karantawa. Bankuna da yawa sun gina manhajojinsu ta yadda mai kallo daga nesa baƙin allo kawai zai gani, kuma Android 15 na 2024 ya fara ɓoye irin waɗannan saƙonni yayin nuna fuskar waya. Amma ba kowace manhaja ke da wannan kariya ba, wayoyi da yawa kuma tsohon tsari suke ɗauke da shi. Da yake tura kuɗi tsakanin bankunan Najeriya nan take yake isa, kafin mutum ya farga an rarraba kuɗin zuwa asusu daban-daban.

Matsalar ba ta Najeriya kaɗai ba ce. A watan Fabrairun 2019 Babban Bankin Indiya ya gargaɗi bankunan ƙasar cewa ɓarayi na sa mutane su sauke AnyDesk su ba da lambarta mai tara, sannan a kwashe musu kuɗi. Manhajar halastacciya ce, miyagu ne suka ari sunanta da aikinta.

Akwai kuma manhajojin ɓarna da aka ƙera tun asali don sata. NCC ta yi gargaɗi a 2021 kan wata mai suna Flubot, wadda ke zuwa ta saƙon tes da sunan bibiyar kaya, a 2022 kuma ta yi gargaɗi kan Xenomorph. Dukansu izinin nan na Accessibility suke nema. Irin waɗannan ba sa nuna lamba, ba sa neman amincewa kowane lokaci. Da zarar an ba su izini sau ɗaya, a ɓoye suke aiki. Hanyar shigarsu mafi sauƙi ita ce fayil ɗin manhaja da aka turo ta WhatsApp ko Telegram, da kuma manhajojin da aka yi wa kwaskwarima ana raba su kyauta.

Su kansu manyan kamfanonin ba su tsira ba. AnyDesk ya sanar a watan Fabrairun 2024 cewa an kutsa cikin tsarinsa, TeamViewer ma ya sanar da kutse a kwamfutocin ofisoshinsa a watan Yunin shekarar. Darasin shi ne a riƙa sabunta manhajar, a kuma cire ta idan ba a amfani da ita.

Leƙen asiri a cikin gida da wurin aiki

Akwai wani rukuni na manhajoji da ake tallatawa da sunan kula da yara, amma ake ɗora su a ɓoye a wayar mata ko miji ko yaron shago, domin karanta saƙonni da bin sawu. Yawaitarsu ta sa kamfanonin tsaron intanet da ƙungiyoyin kare waɗanda ake cin zarafi suka kafa haɗakar yaƙi da su a 2019. Baya ga zunubin bin diddigin sirrin mutane da rugujewar amana, mai ɗora su yana jefa gidansa cikin haɗari, domin duk abin da aka kwasa, har da hotunan iyali, yana tafiya ne rumbun wani kamfani da bai sani ba, kuma an sha fasa irin waɗannan rumbuna.

Alamun da ke sa a yi zargi sun haɗa da saurin ƙarewar caji da data ba dalili, zafin waya alhali tana ajiye, fuskarta na motsi da kanta, ko ganin baƙuwar manhaja a jerin masu izinin Accessibility ko masu ikon gudanar da na'ura. Alama ɗaya ba hujja ba ce, tsohon batiri ma yana haka, amma ta isa a sa a duba.

Abin da doka ta ce

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba da kariya ga sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da hirarsa ta waya. Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta shiga na'urar wani ba da izini ba, da tare saƙonninsa, da yin sojan gona da sunan wani domin damfara. Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya, ta ɗora wa ma'aikatu da kamfanoni nauyin kare bayanan mutanen da ke hannunsu. Saboda haka ma'aikacin da ya ba baƙo damar ganin wayar da ke ɗauke da takardun ofis, ko ɗan kasuwar da ke riƙe da bayanan abokan cinikinsa, ba kansa kaɗai ya jefa cikin matsala ba.

Ƙa'idojin amfani lafiya

Na farko, mai waya ne ya kamata ya nemi taimako. Duk wanda ya kira shi da kansa ya ce ya sauke manhajar haɗi ko ya nuna fuskar wayarsa, a kashe wayar. Banki ba ya neman haka, kuma ba ya neman lambar sirri ko OTP. Mai shakka ya je reshe, ko ya kira lambar da ke bayan katin ATM ɗinsa.

Na biyu, a tabbatar da wanda ake magana da shi ta murya ko ta bidiyo. Ana sace asusun WhatsApp, don haka saƙon rubutu daga lambar ɗa ko ƙane bai isa hujja ba.

Na uku, a fara da gani kawai. Kada a ba da cikakken iko sai ya zama dole.

Na huɗu, kada a buɗe manhajar banki ko a danna lambar USSD ta tura kuɗi yayin da haɗin ke gudana, ko da ɗan cikin mutum ne ke kallo. Idan matsalar ta manhajar bankin ce, a gyara ta, a katse haɗin, sannan mai waya ya shigar da lambarsa shi kaɗai.

Na biyar, mai waya ya zauna yana kallo har a gama, ya kuma san inda ake katsewa. Idan ya ga abin da bai gane ba, ya kashe data ko ya kashe wayar.

Na shida, a guji kunna tsarin shiga ba tare da neman amincewa ba, wanda wasu manhajoji ke da shi. An yi shi ne domin na'urorin ofis da ba kowa a gabansu.

Na bakwai, bayan an gama a janye izinin da aka bayar, a cire manhajar. Sauke ta wani lokaci ba ya wuce 'yan mintuna.

Ga 'yan kasuwa akwai ƙarin shawara: a raba wayar da ke ɗauke da asusun jari da wadda ake hira da kallon bidiyo, a kuma ƙayyade iyakar kuɗin da za a iya turawa a rana.

Idan abin ya riga ya faru

Mintunan farko su ne masu daraja. A kashe data da Wi-Fi nan take. A yi amfani da wata wayar a kira banki, ko a danna lambar toshe asusu da bankin ya tanada; kowa ya nemi ta bankinsa tun yau, ya rubuta ta a takarda. Sannan a je reshe a shigar da koke a rubuce, a karɓi lambar shaida. Idan banki bai warware ba cikin mako biyu, ana iya kai ƙara Sashen Kare Masu Hulɗa da Bankuna na Babban Bankin Najeriya. Ana kuma kai rahoto ga 'yan sanda, waɗanda ke da cibiyar yaƙi da laifukan intanet a Abuja, ko ga Hukumar EFCC, wadda ke da ofishi a Kano. Abin da ya shafi layin waya kuma, a fara da kamfanin layin, idan bai biya buƙata ba a kira NCC a lamba 622.

Kada a goge saƙonni da lambobin da aka kira da su, domin su ne shaida. A ɗauki hotonsu tukuna. Bayan haka a canza duk lambobin sirri daga wata na'ura mai tsabta, a fara da na imel, a kwashe muhimman hotuna da takardu, a mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani. Kada kunya ta hana faɗa. Masu ilimi da manyan 'yan kasuwa ma ana yaudararsu, kuma shirun wanda aka cuta shi ke ba ɓarawo damar kiran maƙwabcinsa.

Ga iyalan da ke raba tsakanin birni da gida, abin da ya fi shi ne a yi shiri tun ana tare. Ranar da ɗan ya je Yashe gaisuwar Sallah, ya zauna da mahaifinsa ya kunna masa tsarin neman waya, ya rubuta masa lambar toshe asusu, ya nuna masa yadda ake nuna fuskar waya a kiran bidiyo da yadda ake katsewa. Sannan su yi yarjejeniya guda: duk wanda ya kira da maganar banki, komai daɗin bakinsa, amsar ita ce, "Bari in kira ɗana tukuna."